Malam Edita, ga labarin likitan da ya bi dangi ɗaya shekara 40 yana neman asalin gigin tsufa

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato wannan ciwon mantuwa na tsofaffi da muke cewa gigin tsufa, wasu kuma su ce tsoho ya ruɗe.

Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, da shi ta ƙare. Da farko mantuwar inda ta aje carbi ce, daga baya ta koma sai ta idar da sallar la'asar ta sake tashi ta tada wata, a ƙarshe har mahaifiyata da ta haifa da cikinta take kallo tana tambaya wai baƙuwar daga wane gari take. Ba irin maganar da bamu ji ba a unguwa, wannan yace sammu ne, wancan yace iska ce, har da mai cewa alhakin wani ne ya kamata, ita da ko kaza bata taɓa zalunta ba. Ba wanda ya taɓa ce mana ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai suna da likitocinsa. Sai bayan ta rasu na fara bin karance-karance, a nan na ci karo da Dakta Francisco Lopera na ƙasar Kolombiya, kuma wallahi tun ranar labarinsa bai bar raina ba.

An haife shi a 1951 a wani ƙauye na jihar Antiyokiya, yankin duwatsu ne, ya yi karatun likita a jami'ar jihar da ke birnin Medelin. Shima kakarsa da wannan ciwo ta tafi, yana ɗalibi ya ga ta kasa gane ɗanta wato mahaifinsa, kaga ashe ciwon ɗaya ne ko a Kolombiya ko a Gusau. A 1984 aka kawo masa wani mutum daga garin Belmira, shekararsa 47 kacal amma ya ruɗe kamar ɗan 90. Da ya tambayi 'yan'uwan sai suka ce ai haka uban ya yi, haka kakan ma. Wani likitan da sai ya rubuta magani yace a shigo da na gaba, shi kuwa sai ya ɗauki jaka ya bi su har ƙauyensu.

Mutanen wurin suna kiran abin la bobera, wato wauta, kuma su ma suna da nasu bayanin irin namu, wasu su ce la'anar wani limamin coci ce, wasu su ce taɓa wata bishiya ke jawo shi. Lopera da wata ma'aikaciyar jinya Lucia Madrigal suka dinga shiga ƙauyuka irin su Yarumal da Angostura, wani wurin sai da doki, suna zama da iyalai suna tambayar wa ya haifi wa, suna buɗe tsofaffin littattafan coci inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa har suka kai ƙarni na 18. Kuma fa lokacin yankin ba zaman lafiya, ga 'yan tawaye a daji ga 'yan safarar hodar iblis a gari, ita Lucia har sace ta aka taɓa yi tana kan aikin, aka sako ta ta koma ta ci gaba. Mu da muka san yadda bin hanyar ƙauye ta zama yanzu ba sai an mana dogon bayani ba. A hankali salsalar ta haɗu, mutum wajen 6,000 duk tushe ɗaya, kusan 1,200 daga cikinsu na ɗauke da abin a jininsu.

A 1995, da haɗin gwiwar masana na Amurka, aka gano inda gizo ke saƙar. Wata ƙwayar gado ce mai suna firesenilin 1 da ke kan kuromozom na 14, wato ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum, harafi ɗaya tak na rubutun gadon ya sauya a cikinta, masana suka sa wa sauyin lamba E280A. Wanda uwarsa ko ubansa ke da ita, rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. In ya gada kuwa kusan ba makawa, mantuwa ta fara wajen shekara 44, ya ruɗe sosai wajen 49, kafin 60 yawanci an binne shi. Ka duba fa, daidai lokacin da mutum ke aurar da 'ya'ya, sai ya zama 'ya'yan ne ke masa wanka suna bashi abinci a baki, kuma kowannensu na kallon uban yana tunanin ko nima haka zan ƙare.

Abin da ke faruwa cikin kan shine wani datti mai danƙo da ake kira amiloyid yana taruwa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa tun shekaru da yawa kafin a ga alama, daga baya wani sinadarin mai suna tau ya cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin su fara mutuwa, kuma wurin ajiyar sabon tunani ne ke fara lalacewa. Shi yasa kakata take iya baka labarin ranar aurenta tiryan-tiryan amma bata san ko ta karya kumallo ba. Likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana waɗannan abubuwa biyu tun 1906, shi yasa likitoci ke kiran wannan nau'in gigin tsufa da sunansa, wato cutar Alzheimer.

Tunda an san waɗanda za su kamu tun suna da lafiya, sai aka ce bari a gwada basu magani kafin ciwon ya iso. A 2013 aka fara gwajin wata allura mai suna crenezumab kan mutum 252 na dangin. Wani abu da ya burge ni, ba a faɗa wa kowa ko yana ɗauke da ƙwayar ba, har waɗanda basu da ita aka sa cikin gwajin ana musu allurar da ba magani a ciki, don kar wani ya gane matsayinsa daga kiran da aka masa. A 2022 sakamako ya fito, maganin bai yi aikin da aka sa rai ba. Kusan shekara 10 da maƙudan daloli. Ban ɓoye wannan ba saboda na gaji da masu tallan maganin gargajiya a lasifika da ke cewa kwalba ɗaya na wanke ƙwaƙwalwa tas.

Amma cikin dangin nan aka samu wata dattijuwa da ta gaji ƙwayar, ya kamata ace ta ruɗe tun tana 40 da wani abu, sai gata ta haura 70 da hankalinta. Aka kai ta Boston aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta, amiloyid ya cika maƙil amma tau ɗan kaɗan ne. Ashe ta gaji wani sauyin daban a wata ƙwayar gado mai suna APOE, wanda ake kira Christchurch, daga uwa da uba duka, shine ya zame mata garkuwa. An buga wannan a 2019, ta rasu a 2020 tana da 77, iyalinta suka bada ƙwaƙwalwarta don bincike kamar yadda ɗaruruwan iyalai a can suka yi. A 2023 kuma aka bada labarin wani namiji a dangin, shima mai ɗauke da ƙwayar ciwon, da ya kai 67 lafiya lau, shi garkuwarsa a wata ƙwayar ce mai suna rilin. Yanzu masana na neman yadda za a kwaikwayi wannan garkuwa a mai da ita magani. Shi dai Lopera bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu ranar 10 ga Satumba 2024 yana da shekara 73, sankara ce ta yi ajalinsa.

Kar mai karatu ya tsorata yace tunda kakata ta yi nima shi kenan. Irin wannan gadon kai tsaye bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba, sauran haɗuwar abubuwa ce, shekaru da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki da sauransu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da gigin tsufa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu.

Kuma mu ma nan gida an taɓa aikin da duniya ta jinjina wa. Daga 1992 marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi na Ibadan, tare da Hugh Hendrie na Amurka, sun kwatanta tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis, suka tarar cutar ta fi yawa nesa ba kusa ba a can Amurka, sannan APOE4, wani nau'in ƙwayar APOE da ke ƙara wa Turawa haɗari sosai, bata nuna irin wannan ƙarfin a Ibadan ba. To mu a Arewa fa? Mu da kowace tsohuwa a gida za ta lissafo maka dangi har kakan kaka ba tare da littafin coci ba, ga auren zumunci, ga zuri'a ɗaya zaune a unguwa ɗaya shekara da shekaru, ni a ganina mai bincike ba zai sha rabin wahalar da Lopera ya sha wajen haɗa salsala ba.

Roƙona Malam Edita, ka tura wakilinka asibitin koyarwa na Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ya zauna da likitocin ƙwaƙwalwa, ya tambaye su tsofaffi nawa ake kawo musu da wannan larura, a wane mataki ake kawo su, me iyali za su yi in tsoho ya fara fita ya ɓata hanya, sannan ko akwai mai bin dangin da abin ke kama su da wuri. A buga da Hausa, don masu jinyar nan yawancinsu matan gida ne irin mahaifiyata, wadda ta yi shekara 6 tana kwana a bakin ƙofar ɗakin kakata don kar ta fice da dare.

Naku mai karatu a kullum, daga Gusau.