Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobi: Fansho, Jinya da Halin da Asusunmu Ke Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da yayyenmu, abokan aiki na da, maza da mata, ga bayanin abin da shugabannin da kuka zaɓa suka gudanar a bana. Kafin komai muna roƙon Allah Ya jiƙan 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba iyalansu haƙuri. Za a karanta sunayensu a zauren taro. Lissafin shiga da fita, naira da kwabo, Ma'aji ne zai gabatar da shi. Ni abin da ke bayan lissafin zan faɗa.

Da aka buɗe asusun taimakon juna, manufar ita ce in an yi rasuwa a kai wa iyali abin sadaka, in an tashi aurar da 'ya a sa hannu. Bana kuwa mafi yawan abin da ya fita asibiti da kantin magani ya nufa: hawan jini, ciwon suga, yanar ido, matsalar fitsari ta dattawa maza, shanyewar ɓarin jiki. Irin waɗannan cututtuka ba a gama da su, kowane wata sai an sayi magani. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota kaɗai daga Tambuwal ko Gwadabawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga majinyaci ga mai rakiya, ya isa ya girgiza fanshon wata. Kwamitin dubiya ya tarar da membobin da ke raba ƙwayar hawan jini biyu, wasu su sha yau su tsallake gobe don ta kai ƙarshen wata. Mutanen da suka shekara 35 suna koyarwa ko suna aikin asibiti ke nan. Wannan ya fi komai tsaya mana a rai, kuma muna roƙonku, don Allah duk wanda maganinsa ya yanke ya sanar da wakilin unguwarsa. Ba roƙo ba ne, kuɗinsa ne da ya zuba.

A kan ƙarin fansho, mun rubuta wa ofisoshin da abin ya shafa, muka kuma bi takardar da ƙafa. Hujjarmu ba daga aljihunmu muka ciro ta ba. Sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a riƙa sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk bayan shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikata, wanda duk ya riga zuwa. Sashe na 173 ya faɗi haka game da na tarayya. A Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Wanda ke aiki da wanda ya ajiye aiki kasuwa ɗaya suke shiga, mudun gero ɗaya ake auna musu. Za mu ci gaba da bibiya cikin ladabi, ba za mu gaji ba, haka ma maganar waɗanda ke jiran giratuti.

Tantancewa ta ci mana lokaci sosai. Membobinmu da suka yi aikin tarayya a tsohon tsari suna ƙarƙashin PTAD, hukumar da ke biyan fanshonsu, inda yanzu ake tabbatar da cewa mutum na raye ta waya ko kwamfuta. Jikokinmu suka zauna da su aka yi, Allah Ya yi musu albarka. Waɗanda ba su iya tashi kuma aka je har gida. Inda muka gaza kaiwa shi ne yankin gabas, wajen Isa da Sabon Birni, saboda halin tsaro. Wasu daga cikin 'yan'uwanmu na can sun dawo cikin gari suna zaune gidajen dangi, gonar da ke cike musu giɓin fansho ta fita hannunsu.

Mun kuma taimaki matan mamata wajen haɗa takardu. Abin da ke jawo jinkiri kusan kullum iri ɗaya ne: suna a katin ɗan ƙasa daban, na banki daban, ranar haihuwa daban. Kowa ya gyara nasa tun yana da rai, ya nuna wa uwargida ko babban ɗa inda takardun suke.

Yanzu ga maganar da nake so ku zo taro da shirin tattauna ta. Asusunmu ya zama randar da ake ɗiba da ƙwarya ana zubawa da ludayi, kuma masu zubawar su ne dai masu jinyar. Ƙara kuɗin wata-wata ba zai fisshe mu ba. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu da ya haɗa da tsofaffi. A jiharmu akwai hukumar SOCHEMA mai kula da tsarin taimakekeniyar lafiya. Shawarar shugabanni ita ce a ware wani kaso na asusun a yi wa membobi rajista da wannan hukuma a dunƙule, a fara da masu ciwon da ba ya rabuwa da magani. Na san akwai masu ɗari-ɗari, suna tambayar matsayin abin a addini. Tambaya ce mai kyau, shi ya sa muka gayyaci malami da jami'in lafiya su amsa ta a gabanku. Sunayen waɗanda hali ya fi tsananta a kansu kuma mun miƙa su ga Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha.

Sai 'ya'yanmu. Mu ko ba komai muna da abin da ke faɗowa a ƙarshen wata. Mafi yawansu tela ne, ko mai Keke Napep, ko mai tireda, ko ɗan kasuwar Kara, ba su da ko sisi a ajiye don tsufa, ga shi su ne ke ɗauke da jinyarmu. Ma'aikacin da ke cikin tsarin dokar fansho ta 2014 yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Mai sana'ar hannu ba shi da mai zuba masa, amma tun Maris 2019 hukumar PenCom mai kula da harkar fansho ta ƙasa ta buɗe tsarin da zai riƙa ajiye ɗan abin da ya samu, kullum ko mako-mako. Mun yi zama a kan haka da matasa, waɗanda suka zo ba su da yawa. Bayan Sallah za mu sake kira, muna fatan kowane memba ya turo ɗansa ko 'yarsa.

Ranar babban taro a zo da katin ƙungiya, da lambar katin ɗan ƙasa, da takardar asibiti ga mai ita, domin in an amince da maganar rajista a fara ɗaukar sunaye a nan take. Wanda ba ya iya fitowa ya aiko wakili.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, Sakkwato