Godiya a kan goɗiya: zuwa ga mai shagon kayan doki na kusa da Dandalin Murtala

Assalamu alaikum, Alhaji, kai da yaran shagonka. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya kasuwa? Da na so, da na kira ka a waya mun gama, amma yabon gwani ya zama dole, kuma na san a Kadunan nan akwai masu dawaki da ke cikin irin halin da na fito.

Ni ne wanda ya shigo maka da tsakar rana, rai a ɓace, ina neman linzami mai cizo. Goɗiyata ce, bidi, wadda na saya domin yarona ya koyi zama a sirdi kafin ya fara ƙwallon dawaki. Da an sa mata linzami sai ta hau kaɗa kai tana wangale baki, tana ɗora harshe bisa ƙarfen. A ɗan ja kamazuru, wato igiyar linzami, ta yi baya kamar za ta miƙe tsaye. Mai kula mini da barga ya ce taurin kai ne, abokai kuma suka ce a ɗaura mata linzaminmu na gargajiya, za ta shiga taitayinta.

Ga shi nan rataye a shagonka, kuma ya fi sauran tsada, amma ka ce ba za ka sayar mini ba sai an ga bakinta. Gaskiya a ranar na ji haushinka. Washegari sai ga yaronka a kan babur har Unguwar Rimi, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Ya zura yatsa a giɓin nan da ke tsakanin haƙoran gaba da turame, inda linzami ke zama, ya nuna mini dasashi ya yi jawur, gefen leɓe ya tsage. Wurin ashe siririyar fata ce kawai a kan ƙashi. Shi kuwa na gargajiya, da an ja shi harshen ƙarfensa ya tokari ganɗa, zobensa ya matse muƙamuƙin ƙasa, shi ya sa dokin jahi ke tsayawa cak a gaban sarki. Ba aibata shi nake yi ba, a hannun gwani yana da ranarsa. Amma a hannun yaro ɗan shekara 12, a bakin da ke da rauni, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Maimakon ciniki, sai ka tura ni wurin likitan dabbobi. A can na ji cewa turamen doki suna ci gaba da tasowa daga dasashi har ya tsufa, gefensu kan yi kaifi, na sama su yanki kunci, na ƙasa su yanki harshe. Likita ya goge su da magagari, muka bar ta mako biyu da ragama kawai har bakin ya warke.

Ranar da na dawo ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ka sa an auna faɗin bakinta da igiya, ya kama inci 5. Ni da hanzarina na cafki linzami mafi kauri, mai roba, a zatona kauri shi ne taushi. Ka yi dariya ka ce: "Malam, bakinta ƙarami ne, harshenta kuma mai kauri, ina wannan zai zauna?" Ka ƙara da cewa roba a busasshen baki, balle da hunturu, gugar leɓe take yi. Mai gaɓa ɗaya a tsakiya ma ka ajiye shi gefe, domin idan an ja yakan naɗe ya matse harshe, tsininsa ya taɓa ganɗa. Wanda ka zaɓa mai gaɓa biyu ne, da ɗan dunƙulen jan ƙarfe a tsakiya da ke kwanciya a kan harshe yana kawo yawu, zobban gefensa kuma a kafe suke don kada su tsunkuli leɓe. Kuɗinsa bai kai na wanda na zo nema ba.

Yarona ma bai tsira ba. Ka ce masa: "Ɗana, in ka ji za ka faɗi, kama geza, kada ka rataya nauyinka a bakinta." Ka kuma hore shi da wanke ƙarfen bayan kowane hawa, saboda busasshen yawu da dusa suna kankare leɓe. Ni ma na ɗauki nawa kason a ciki, don hannuna ba shi da laushin da nake zato.

Yanzu da yamma yana kilisa da ita, kanta a sunkuye, kumfa fara a leɓenta, ɗan yatsa kawai yake motsawa ta juya. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya raya zuriya, ya saka wa yaron nan naka da alheri. Ka ajiye mini majayin ɗaure sirdi mai faɗi, ina nan tafe ranar Asabar in Allah ya yarda.

Naka,
Mai goɗiya bidi, Unguwar Rimi, Kaduna