Fitilar iskar taya ba ado ba ce

Edita, Assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in ja hankalin masu mota kan 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta iskar taya da ke dashbod. Tawa ta yi wata guda tana ƙyafta ido kamar minti ɗaya in na tada mota, sannan ta tsaya cak, na yi ta ƙara iska a banza, ashe batirin sansa, wato 'yar na'urar da ke auna iskar taya, ne ya mutu. In iska ce ta ragu, kamawa take kawai ba ƙyaftawa.

Sansan nan yana maƙale da bawul a cikin taya, batirinsa kan yi shekara 5 zuwa 10, kuma a like yake ba a canza shi sai dai a sake sansan gabaɗaya a kuma saita shi da kwamfutar motar. In ɗaya ya mutu sauran ma suna hanya tunda sa'anni ne.

Masu faci kuma don Allah a riƙa lura, wani da ƙarfe yake ɓamɓare taya ya fasa sansa ya yi shiru abinsa. Duk sanda aka sauya taya a sake robar bawul ɗin ma, tsufa take ta riƙa sakin iska.

Naku,
Wani direba