Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Inda Muka Kwana Kan Shirin Ƙwai Mai Ƙarin Seleniyom

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon kajin ƙwai.

A babban taronmu na bara kun ɗora wa kwamitin gudanarwa aiki ɗaya sama da sauran: a gwada ko za mu iya samar da ƙwai mai ƙarin sinadarin seleniyom ta hanyar abincin kaji, a kuma dawo a faɗa muku gaskiyar abin da aka gani. To, ga mu mun dawo. Wannan shiri shi ya ci mafi yawan lokacinmu da kuɗin asusu, don haka shi zai ci mafi yawan rahoton. Sauran ayyuka zan taɓa su a gurguje daga baya.

Ana iyawa. Kaza tana zuba seleniyom a ƙwanta gwargwadon abin da ta ci, kuma wannan mun gani da idonmu a takardun ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai sayen sinadarin shi ne mafi sauƙin aikin. Inda muka sha wuya shi ne wajen gauraya shi da auna shi, kuma a nan ne nake roƙon ku karanta da natsuwa.

Bitar da muka fara da ita

Kafin a taɓa buhun abinci ko ɗaya, mun shirya bita tare da likitan dabbobi da masanin haɗa abincin kaji, domin da yawa daga cikinmu sunan seleniyom kawai muke gani a jikin buhun firimis, wato haɗin bitamin da sinadarai da ake zubawa a abincin kaji. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya gano seleniyom a 1817, kuma an daɗe ana kallon sa a matsayin guba kawai. A shekarun 1930, a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, an gano cewa hatsin da aka noma a ƙasa mai yawan seleniyom ne ke hana ƙwai ƙyanƙyashewa, waɗanda suka ƙyanƙyashe kuma 'yan tsakin su fito da nakasa. Sai a 1957 Klaus Schwarz da Calvin Foltz suka nuna cewa jiki ba ya rayuwa lafiya in babu ɗan kaɗan daga cikinsa. A 1973 aka tabbatar da cewa yana cikin ginin wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, aikin da suke yi kafaɗa da kafaɗa da bitamin E. Yana kuma da hannu a aikin ƙwayar tayirod da ke wuya.

Rashinsa a jikin mutum ba ƙaramin abu ba ne. Ciwon zuciyar da ake kira cutar Keshan, wanda ya ɓarke a 1935 a gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin, ya fi kama yara da mata masu shekarun haihuwa a yankunan da ƙasar nomansu ba ta da seleniyom. Ƙasar Finlan kuwa, da ta ga mutanenta ba sa samun isasshe, tun 1984 ta fara zuba shi a takin zamani. Abin da ke ƙasa shi ke shiga hatsi, abin da ke hatsi shi ke shiga kaza, abin da ke kaza shi ke shiga ƙwai. Ke nan masara iri ɗaya daga wurare biyu na iya bambanta ƙwarai, kuma ido ba zai nuna ba.

A Amurka an ƙayyade cewa baligi na buƙatar maikrogiram 55 a rana (maikrogiram 1000 ne miligiram ɗaya), kada kuma ya wuce 400. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa nata iyakar a 255 tun 2023. Babban ƙwai na yau da kullum, bisa alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka, na ɗauke da kusan maikrogiram 15. Ƙwan da aka ƙara wa yakan kai wajen ninki biyu na haka. Ƙwai ɗaya ke nan zai iya ba mutum kusan rabin buƙatarsa ta yini.

Lissafin da muke so kowa ya haddace

Amurka ta yarda a ƙara miligiram 0.3 na seleniyom a kowane kilo na abincin kaji, ba fiye ba. A Tarayyar Turai jimillar abin da ke cikin abincin, da na asali da wanda aka ƙara, ba ya wuce miligiram 0.5 a kilo, kuma nau'in da ke cikin yis ba a ƙara fiye da 0.2. Mun riƙi waɗannan a matsayin ma'auni, tare da bin ƙa'idar hukumar da ke sa ido kan abincin dabbobi.

Miligiram 0.3 a kilo yana nufin giram 0.3 a tan guda. Ku sake karantawa: ƙasa da sulusin giram ɗaya a cikin kilo 1000. Kaza mai ƙwai na cin kimanin giram 110 a rana, don haka abin da aka ƙara mata a yini bai wuce maikrogiram 33 ba, sai ɗan abin da ke cikin masara da waken soya tun asali. Daga cikin wannan za ta riƙe na jikinta, ta fitar da wani a kashi, ta sa wani a ƙwai. Duk ɗan kasuwar da ya zo ya ce muku maganinsa zai sa ƙwai ɗaya ya ɗauki maikrogiram 100 alhali ba a ƙetare doka ba, ku tambaye shi daga ina kazar za ta samo. A cikin shekarar nan an zo mana da irin wannan tayi, kuma wannan tambayar ce ta kashe maganar.

Gwajin gonaki

Membobin da suka ba da ɗakunan kajinsu sun raba garkensu gida biyu, kaji masu shekaru ɗaya, ruwa ɗaya, haske ɗaya. Wani ɓangare ya ci gaba da abinci mai sodiyom selenait, wato gishirin seleniyom da aka saba sawa a firimis. Ɗaya ɓangaren aka ba shi yis mai seleniyom. An riƙa ɗiban ƙwai ana kai wa ɗakin gwaje-gwaje da lamba a jiki maimakon sunan gona, don kada a ce an yi son kai. Kowane mai gona ya karɓi sakamakonsa a rufe, kuma ba za mu buga na kowa a nan ba.

A dunƙule, ƙwan kajin da suka ci yis ya fi ɗaukar seleniyom, kamar yadda masana suka faɗa mana tun farko. Dalilin yana da daɗin fahimta. A cikin yis, mafi yawan seleniyom na zaune ne a siffar da ta yi kama da metiyonin, wannan sinadarin gina jiki da dukkanmu muke saye. Jikin kaza ba ya bambance su sosai, sai ya ɗauki mai seleniyom ɗin ya gina farin ƙwai da tsoka da shi kamar metiyonin ne. Shi ya sa ƙarin ya fi bayyana a farin ƙwai. Selenait kuwa ya fi tafiya gwaiduwa, kuma in aka ci gaba da ƙara shi ba ya hawa a ƙwai yadda na yis ke hawa. Yana biya wa kaza buƙatar jikinta da arha, wannan babu musu. Amma wanda burinsa ƙwai mai ƙari ne, nau'in yis ko makamancinsa zai nema, ya kuma shirya biyan bambancin.

Wani abin da ya ɗaga hankalin wasunmu shi ne jinkiri. Akwai wanda ya kai ƙwai gwaji kwana kaɗan da sauya abinci, ya dawo ransa a ɓace yana cewa an cuce shi. Ba a cuce shi ba, gaggawa ya yi. Farin ƙwai cikin 'yan sa'o'i kaza ke zuba shi, amma gwaiduwa takan ɗauki mako guda zuwa kwana goma tana taruwa kafin ta sauko. Sai an yi makonni biyu zuwa huɗu adadin ke daidaita. Haka nan in aka daina bayarwa, sauka yake yi. Wanda abincinsa na musamman ya ƙare ya koma na da, to ƙwansa ma ya koma na da, ko da kwalin bai canja ba.

Game da yawan ƙwai da nauyinsa, ba mu ga bambancin da za mu kafa hujja da shi ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda kajin duka suna samun abin da jikinsu ke buƙata tun da farko. Wasu sun ce sun lura farin ƙwai ya fi daɗewa da kaurinsa a ajiya. Akwai bincike da ke goyon bayan haka, amma mu ba mu auna da ma'auni ba, don haka ba mu rubuta shi cikin nasarorinmu ba.

Kura-kuran da aka yi

Biyu ne, kuma na fi so a faɗe su a fili ba tare da sunan kowa ba, don gobe wani na iya faɗawa.

Na farko, wani ɗan'uwa ya sayi abincin da aka riga aka haɗa, ya ƙara yis mai seleniyom a kai, bai duba cewa firimis ɗin da ke ciki na ɗauke da selenait ba. Ya tara biyu ke nan. Likitanmu ne ya gano lokacin da yake bin takardun haɗi, aka tsayar da abincin kafin a yi nisa. Kajin ba su nuna wata alama ba, amma abincin ya haura ma'aunin da muka amince da shi, kuma kwamiti ya hana a sayar da ƙwan da tambarin shirin. Ya yi asara, ya kuma karɓi hukuncin ba tare da jayayya ba. Muna gode masa.

Na biyu ya fi yaɗuwa, ya kuma fi ba ni tsoro. An ɗebi abinci daga haɗi ɗaya, sama da tsakiya da ƙasa, aka samu bambanci mai yawa. Yis mai seleniyom da ake sayarwa yakan zo da miligiram 2000 ko 3000 a kilo. In mai 2000 ne, giram 150 kacal ake buƙata don a samu giram 0.3 na ma'aunin Amurka a tan guda. Wanda ya watsa giram 150 a kan tan guda ya juya da shebur, ko ya bar injin gauraya ya yi 'yan mintuna ya kashe, wasu kajin za su ci da yawa, wasu ba za su samu komai ba. Selenait ya fi haɗari a nan, domin kusan kashi 45 cikin ɗari na nauyinsa seleniyom ne tsantsa. Tsakanin magani da guba tazarar ba ta da faɗi: daga wajen miligiram 5 a kilo ake fara ganin raguwar ƙyanƙyasa da nakasar 'yan tsaki. Masu kajin iri su fi kowa kiyayewa.

Maganin ba sabo ba ne. A fara gauraya ɗan sinadarin da kilo kaɗan na gari mai laushi, a ɗauki wannan a gauraya da mafi yawa, sannan a kai shi babban inji. Ƙungiya ta sayi ƙananan sikeli masu auna giram ta raba wa gonakin gwajin, kuma mun yi bita ta biyu, wannan karon da ma'aikatan da ke juya abincin da hannunsu. Tun farko su ya kamata mu fara kira. Wannan kuskuren kwamiti ne.

Abin da za a rubuta a kwali

A nan ne muhawara ta fi zafi, har aka ɗage zama. Wasu na so a rubuta cewa ƙwan na kare mutum daga sankara da ciwon zuciya. Kwamiti ya ƙi, kuma ni da kaina ina cikin waɗanda suka dage. An yi wani babban gwaji mai suna SELECT da maza sama da 35,000, aka tsayar da ba su ƙwayoyin seleniyom a 2008 bayan an ga seleniyom bai hana sankarar furostet ba. Wanda jikinsa ke da ƙarancin sinadarin zai amfana da ƙari. Wanda ya riga ya ƙoshi, ƙarin ba ya mayar da shi mafi lafiya, kuma in ya yi yawa gashi kan zube, farce ya riƙa karyewa, numfashi ya riƙa warin tafarnuwa. Mu masu sayar da abinci ne, kuma mai saye ba shi da hanyar gane ƙwanmu da ido ko da harshe, domin kala ɗaya ne, ɗanɗano ɗaya. Maganarmu kawai ya riƙe. Ranar da ya kama mu da ƙari a magana, ba mai kwalin kaɗai zai daina yarda da shi ba.

Matsayar da muke kawo muku don amincewa ita ce: kwali zai ɗauki adadin seleniyom da aka auna da ranar da aka auna, babu alkawarin warkarwa. Ba wanda zai sa tambarin ƙungiya sai ya yi makonni huɗu a kan abincin, an gwada ƙwansa da abincinsa, ya kuma yarda a ɗibi samfuri ba tare da sanarwa ba. Wanda ya sauya mai haɗa masa abinci ko nau'in firimis, gwajinsa ya faɗi sai an sake.

Sauran ayyuka

An ci gaba da sayen allurar rigakafi a haɗe, kuma an yi zaman tunatarwa kan tsaron gona daga murar tsuntsaye. Rajistar membobi an sabunta ta. Bayanin kuɗi na hannun ma'aji, za a raba shi a taro bayan masu binciken asusu sun sa hannu. Abin da zan ce kawai shi ne kuɗin gwaje-gwaje ya wuce abin da muka ware, kuma ba mu ga hanyar rage shi ba tare da rushe shirin ba. Waɗanda ake bi kuɗin wata-wata, don Allah a biya kafin taro.

Tambaya ɗaya ta rage wadda kwamiti bai yanke ba, domin taku ce: kuɗin gwajin baɗi, asusun ƙungiya ne zai ɗauka, ko kuwa masu amfani da tambarin kaɗai? Za a kaɗa ƙuri'a a kai a babban taro. Duk mai son shiga zagaye na biyu ya zo da takardar haɗin abincinsa da takardar da ke jikin buhun firimis ɗin da yake amfani da shi, likita zai duba su a wurin.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa