A Tallafa wa Masu Fim Su Nuna Kaɗaicin Tsofaffin Ma'aikata

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahoton da jaridarku ta buga kwanan nan kan kaɗaicin da ke addabar tsofaffin ma'aikata. Lamarin ya kai a tsaya a kansa: Birtaniya ta naɗa minista mai kula da kaɗaici a 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta kafa kwamiti a kansa a 2023.

Sai dai alƙaluma ba sa nuna yadda ranar irin wannan dattijo ke wucewa. Mutumin da ya kwashe shekara 40 yana dako ko aikin masana'anta, yawancin abokansa a wurin aiki suke. Ranar da ƙarfi ya ƙare, zumuncin ma sai ya tsinke. A nan ne masu shirya fim masu zaman kansu ke da amfani. Tunda babu babban kamfanin da ke matsa musu kan riba, suna iya barin kyamara ta daɗe a kan tsoho yana zaune shi kaɗai, yana jiran wayar da ba za ta yi ƙara ba. Na taɓa kallon irin wannan fim, kuma a daren na kira wani dattijo da na yi watanni ban leƙa ba.

Shawarata ita ce hukumomin raya al'adu da ƙungiyoyin ƙwadago su ware kuɗi domin irin waɗannan finafinai. A riƙa nuna su kyauta a inda tsofaffin za su iya zuwa, a kuma zauna da su tun lokacin rubuta labarin.

Naku,
Wani mai karatu