Takalmin da Baba yake cirewa a zaure

Fagge, Kano
Daren 15 ga Janairu

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya sa wa mahaifiyarka tari, shi ma da sauƙi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. In na kira ka, ko dai sabis ya ɗauke, ko ka yi ta "to Baba, to Baba" har mu yi sallama maganar ba ta shiga ba. Takarda kuwa ko ka ninke ta ka cusa a aljihu, tana nan tana jiran ka.

Yau ranar tunawa da 'yan mazan jiya ce. Da rana na ga manya a talabijin suna ajiye furanni, ana sakin tattabaru. Da aka idar da isha'i sai na jawo akwatin ƙarfen kakanka Baba, mai sunanka, daga ƙarƙashin gado, rabona da buɗe shi tun sadakar arba'in. Hularsa tana nan, da lambobinsa a cikin gwangwanin taba, da littafin sallamarsa daga aiki, da hoton nan da ya ɗauka da igiya uku a hannu yana harare-harare kamar mai hoton ya ci masa bashi. A can ƙasa kuma akwai wani ƙunshi da Inna ta ɗaure da tsumma. Rasidan gidan waya ne, na kuɗin da yake aiko mata daga bakin daga. Na zauna na jera su a kan tabarma wata bayan wata. Yaƙin basasa wata talatin aka yi ana yin sa, daga Yulin 1967 zuwa 15 ga Janairun 1970, kuma giɓi biyu kawai na samu a jerin. Na san na farkon, lokacin yana kwance a asibiti ne.

Kai ka tashi ka tarar da shi tsoho mai carbi, mai tsokanar ka da "mai sunana, yaushe za ka sakar mini matata?" Ba ka san shi da kaki ba. Ya shiga soja ana jajiberin samun mulkin kai, ya yi kurtunsa a Depo ta Zariya, inda kai ma ka yi naka. Ba a daɗe ba aka kwashe su zuwa Kwango aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka yi daga 1960 zuwa 1964. Barikin nan da mu Kanawa muke ce wa Bokabo, sunan wani gari ne a gabashin Kwango, Bukavu, a bakin tafkin Kivu, kuma Baba ya sha ruwan garin. Labarin Kwango kam yana bayarwa har da dariya: ayabar da suka ci har ta gundure su, da Faransancin da ya koyo kalma huɗu ya yi ta yi wa Inna burga da shi har ya tsufa.

Na basasa ne ba ya so. Yana cikin runduna ta biyu, ta Kanar Murtala Muhammad, wadda ta yi ƙoƙarin haye kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha a watan Oktoban 1967, bayan an karya gada. Sau uku ana gwadawa ana komowa da asara, kuma garin bai shiga hannu ba sai a watan Maris na 1968, bayan an zagaya ta tudu. Baba yana ƙaunar Murtala, ranar da aka kawo gawarsa Kano a Fabrairun 1976 da ƙafa ya tafi jana'iza, amma ko sau ɗaya ban ji ya ce hayin nan daidai ne ba. A ruwan nan ya rasa amininsa, wani mutumin Gaya. Har ya koma ga Allah bai sake shiga kwale-kwale ba. Kuma 'ya'ya ukun da aminin ya bari, Baba ne ya yi musu makaranta da albashin saja. Gwaggonka ta Kurna da kake zaton ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce autarsu. Ban taɓa gaya maka ba domin shi bai taɓa bari a bambanta ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Bayan yaƙi an dawo da shi Bokabo, muna zaune a gidan nan. In ya taso aiki a kan Raleigh ɗinsa, ba ya wuce zaure. Dakalin nan na hannun dama, wanda kuke cin gyaɗa a kai kuna yara, nan zai zauna. Ya kwance igiyar takalmin nan baƙi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya cire safa ya cusa a ciki. Ya zare bel ya naɗe, ya ɗora hula a kai. Sannan ya yi gyaran murya, wannan kuma kirana ne: in kawo buta da silifa da 'yar shara. Ya wanke ƙafa, ya yi alwala ko da ba lokacin salla ba ne, ya sake kaya, ya zauna shiru yana kallon ƙasa, wani lokacin har in ƙosa. Sai ya miƙe ya yi sallama cikin gida da wata murya mai sanyi, wadda in ba ka kasa kunne ba sai ka ce baƙo ne mai jin kunya. Takalmin nan bai taɓa taka tsakar gidanmu ba. A zaure yake kwana, da asuba ni nake goge shi.

Wata rana Inna ta aike ni bariki da saƙo, ina ɗan shekara tara ko goma. Na tarar da shi a filin fareti yana yi wa wasu sababbin sojoji tsawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, idonsa ja wur, yana faɗin kalmomin da ban taɓa sanin bakinsa ya iya ba. Na juya a guje, saƙon ma ban bayar ba. Da yamma ina zuba masa ruwa a zaure hannuna yana rawa, ya dube ni ya ce, "Ka ga wancan mutumin ko? Na gwamnati ne, ita take biyan sa. Ku ba ku ɗauki soja aiki a gidan nan ba."

Kada ka ɗauka waliyyi nake zana maka. Abin da ya gani bai bar shi ba. Ranar hawan Salla duk Fagge ta tafi ƙofar fada kallo, shi yana ɗaki ya rufe ƙofa, domin ƙarar bindigar 'yan bindigar Sarki tana sa shi gumi. Akwai daren da zai farka yana kiran sunan mutumin Gaya. Kuma wata rana yana barcin rana na lallaɓa na taɓa masa kafaɗa, kafin in ƙifta ido hannunsa yana maƙogwarona. Ya sake ni nan take, amma ranar bai ci abinci ba, na gan shi a bayan ɗaki yana share ido da hula. Washegari ya tara mu ya kafa doka: mai son tashinsa ya tsaya daga bakin ƙofa ya kira. Bai ɓoye cewa akwai abin da ke damun sa ba, kuma bai ce mu ne za mu biya kuɗinsa ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yana da majalisa da wasu tsofaffin abokan aikinsa biyu, ɗaya Babarbare, ɗaya Tibi kuma Kirista, suna Hausarsu ta bariki wadda ba ta san mace da namiji ba. Abin da ba ya iya faɗa wa Inna, can yake sauke shi.

Sojan da kafin yaƙi bai fi mutum 10,000 ba ya kumbura ya kai wajen 250,000, don haka da aka zo rage yawa, da shi aka sallama. Fansho ya zo yau, gobe a ce sai an tantance, ya kwana a layi da tsofaffi irinsa. Bai zauna jira ba, ya kama gadi a wata masaƙa a Bompai, mutumin da ɗari suke ƙamewa in ya yi tari ya koma yana buɗe wa yara masu mota ƙofa. Da wannan ya aurar da mu duka.

Abba, da ka zo fas wancan watan, abu biyu sun faru, na yi shiru a kan duka biyun domin saura kwana biyu ka koma, kuma ba na son ka kama hanyar Maiduguri da ɓacin raina a bayanka.

Na farko a titin Katsina. Mai adaidaita sahu ya goge maka babur, ka sauke shi ka sa shi tsallen kwaɗo a gaban fasinjojinsa, mutum da furfura a gemu. Ka ɗauka ba wanda ya san ka. A garin nan? Kafin ka iso gida labari ya riga ka, kuma ba sunanka aka kira ba, cewa aka yi jikan Baba Saja ne.

Na biyun ya fi yi mini ciwo. Daren da abinci ya makara, ina ɗakina na ji muryar da ka yi wa matarka magana da ita. Na san muryar, tun ina ɗan shekara goma na san ta, sai dai ban taɓa jin ta a cikin gidan nan ba. 'Yarka ta rarrafo ta shige bayan kakarta ta riƙe zani. Da na leƙo, kana tsaye a tsakar gida da takalmin aiki a ƙafarka, ka dawo daga gaishe da wani ofisa ko cirewa ba ka yi ba. Matar taka ba ta kawo ƙararka ba, kada ka je ka tuhume ta. Ko da mahaifiyarka ta tambaye ta, cewa ta yi gajiya ce take damun ka. 'Yar mutane ce, wata takwas tana kwana da waya a hannu, duk lambar da ba ta sani ba in ta kira sai gabanta ya faɗi.

Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, alli na riƙe har na yi ritaya, don haka ba zan ce na san abin da kuke gani a dajin nan ba. Amma na ga yadda kake zabura in an buga ƙofa, na ga fitilar ɗakinka a kunne har asuba. Wannan ba ragwanta ba ce, kakanka ma ya yi fama da ita. Ka samu likitanku ka gaya masa ba ka barci. Ka samu limamin bariki, ko wani babba a cikinku da ya riga ka shiga, ka riƙa zama da shi. Abin da ban yarda ba shi ne ka ɗauko shi tun daga Borno ka sauke a kan wadda take dafa maka tuwo.

Kuɗin cefane kuma ka daina turowa ta hannuna. Ka tura mata kai-tsaye, ka sa rana ɗaya a wata wadda ba ta tashi, ko da kaɗan ne. In ka samu sabis, ita za ka fara kira, mu ma ji daga bakinta.

Ranar da muka kai Baba maƙabartar Ƙofar Mazugal kana Zariya, ba a ba ka izini ba. Kwana uku muna karɓar gaisuwa, ban ji wanda ya ambaci Kwango ko Anacha ba sai Tibin nan, wanda jikansa ya riƙo masa hannu, ya tsaya a ƙofar zaure ya sara, sannan ya fashe da kuka. Sauran duk maganar ruwan da yake ɗebo wa tsofaffin layinmu suke yi, da yaran da ya kai asibitin Murtala a kan keke cikin dare. Inna kuwa abu ɗaya ta yi ta maimaitawa, cewa shekara hamsin da ɗoriya bai taɓa kiran ta da "ke" ba.

Mai adaidaitar na neme shi, a Rijiyar Lemo yake. Na ba shi haƙuri, na biya shi kuɗin wunin da ya rasa, na rubuta a kanka. Ya ce ya yafe, amma na gaya masa in ka zo da ƙafarka za ka je.

Na sa an yi wa dakalin zaure sabon siminti, ya fara zubewa ta gefe. Butar Baba ta ƙarfe ma na fito da ita na ajiye a wurin. Mahaifiyarka ta ba mai kawo maka takardar nan dambun nama da yaji, ta ce kada ka rabar duka. 'Yarka ta yi haƙori na huɗu, tana cizon kowa.

Allah ya tsare ku, ya dawo mana da ku lafiya.

Mahaifinka