Kada mu bari taken ƴan kokawar Tawa ya ɓace

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana a kan makaɗan da ke raka ƴan kokawar jahar Tawa, waɗanda a ganina muke cin moriyarsu ba tare da mun damu da makomar sana'arsu ba.

A garin nan namu na Tawa aka fara gasar kokawa ta ƙasar Nijar a shekarar 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama na farko da ya ɗauki takobin da ake ba gwarzon gasar, kuma a yau kowace jaha daga cikin takwas tana tura ƙarfafa 10. Duk mai bin kokawa zai iya jero maka sarakunan fage, tun daga Salma Ɗan Rani har zuwa Isaka Isaka na Doso, amma da za ka tambaye shi sunayen waɗanda suka yi wa ƴan Tawa kiɗa a gasar da ta wuce, da wuya ya kawo biyu.

Alhali kuwa wanda ya taɓa zama a filin kokawa na Hamidin Mai Dare ya san cewa tun kafin a kama juna ake fara karawa. Ɗan kokawa yana zaune cikin ƴan'uwansa, an ɗaure masa layu da guraye, kamar ba shi da niyyar tashi, sai makaɗi ya karkato da ganga wajensa ya saki takensa. Nan take za ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya zabura ya shiga tsakiyar fili, ya ɗaga hannu yana kirari yana lissafa mazajen da ya kayar, mata na rangaɗa guɗa, masoya na manna wa makaɗin kuɗi a goshi. Wannan makaɗi ya san ƙauyen da yaron ya fito a ƙasar Adar, ya san wanda ubansa ya kayar da wanda ya kayar da uban, kuma ya san kalmar da zai jefa masa idan ya ga gwiwarsa ta fara sanyi. Ilimi ne da ba ya cikin kowane littafi, a bakin dattawa kawai yake.

Abin da ke damuna shi ne yadda lasifika ke maye gurbin ganga a ƙananan wasannin da ake yi bayan kaka. Masu shirya wasa sun ga cewa hayar na'ura ta fi sauƙi a kan ɗauko makaɗa da ciyar da su, kuma ban ga laifinsu sosai ba, domin kowa ya san halin da aljihu ke ciki. Sai dai na'ura ba ta san wanda ya shigo fili ba, waƙa ɗaya take yi wa gwani da ɗan koyo. A waɗannan ƙananan fagage ne kuma ɗan makaɗi yake koyon hannu a bayan ubansa, saboda haka idan aka hana shi su, babu inda zai goge kafin ya kai ga babban fili.

Tawa ce ta haifi Ɗan Gurmu, wanda aka sa wa gasar mawaƙa ta ƙasa sunansa, don haka bai kamata a ce a nan ne kiɗan kokawa zai fara dusashewa ba. Ina kira ga shugabannin kokawa na jaha da su ware kyauta ta musamman ga makaɗa a lokacin zaɓen waɗanda za su wakilce mu, su kuma sa sharaɗin cewa duk wasan da za a yi da izininsu sai da masu ganga. Gidajen rediyonmu kuma su zauna da tsofaffin makaɗa, su naɗi taken kowane ɗan kokawa tare da bayanin asalinsa, tun masu bayanin suna da rai da lafiya.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Mai bin kokawa,
daga Tawa